Jiki Ya Yi Sanyi, Ciwo Na Nan: Kula da Ƙaramin Yaro Mai Zazzaɓi a Ƙasar Hausa

Tsakure

Wannan takarda ta duba abin da ke wakana daga sa'ar da uwa ta taɓa jikin ɗanta ta ji shi rau, zuwa sa'ar da ma'aikacin lafiya ya ɗora ido a kansa. Abin da take son tabbatarwa shi ne, ƙoƙarin gida yakan ƙare a kan sauke zafin jiki, kuma da jiki ya yi sanyi sai hankali ya kwanta, alhali abin da ya kawo zafin yana nan yana ɓarna. Ta kuma nuna cewa wadda ke fara ganin ciwon ba ita ce mai ikon cewa a tafi asibiti ba, don haka wayar da kan da ya tsaya a kan mata kaɗai bai kai inda ake yanke shawara ba.

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin kwantar da yara a Kano, Katsina, Maraɗi ko Damagaram cikin watan Satumba ya san yadda damina ke ƙarewa a can: gado ɗaya yara biyu, wani lokaci uku, iyaye mata a kan tabarmi a baranda, ledojin ƙarin jini a rataye. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 'yan shekarun nan sun nuna Najeriya kaɗai ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya, da kusan kashi 31 cikin 100 na waɗanda yake kashewa. Nijar, duk da ba ta kai Najeriya jama'a ko kusa ba, tana da kusan kashi 6. A Afirka, kimanin uku cikin huɗu na mamatan yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Binciken ƙasa na 2021 ya sami ƙwayar cutar a jinin kashi 22 cikin 100 na ƙananan yaran Najeriya, a Jihar Kebbi kuwa adadin ya kai 49.

Da irin wannan lissafi, ba a ga laifin uwar da ta ce maleriya ce tun kafin a duba ba. Sau da yawa ta canka daidai. Matsalar tana ranar da ba ta canka ba, da kuma ranar da ta canka amma aka tsaya a kan maganin da bai taɓa ƙwayar cutar ba.

Zafin da jiki ke ɗora wa kansa

Likitoci na cewa yaro yana zazzaɓi idan ma'auni ya nuna digiri 38 ko sama. Idan a hammata aka auna, tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya ya fara ƙirgawa daga 37.5. Wani ɗan sashe ne a ƙasan ƙwaƙwalwa, mai aikin daidaita ɗumin jiki, ke ɗaga mizani da gangan idan garkuwar jiki ta sanar da shi cewa cuta ta shigo. Shi ya sa yaro ke rawar sanyi alhali fatarsa ta ɗau zafi: jikin yana neman cimma sabon mizanin ne. Idan mizanin ya sauko, sai gumi ya keto. Ƙwayoyin cuta da dama ba sa hayayyafa yadda suke so a cikin wannan zafi. An ma yi zamanin da likitoci ke jawo zazzaɓi da hannunsu. A 1927 wani likitan Ostiriya, Julius Wagner-Jauregg, ya sami kyautar Nobel saboda sanya wa masu ciwon tunjere da ya hau ƙwaƙwalwa ƙwayar maleriya, don zafin ya yaƙi cutar.

A 1980 wani likitan yara a Amurka, Barton Schmitt, ya wallafa bincike da ya nuna iyaye da yawa sun yi imani cewa zafin da bai taka kara ya karya ba yana iya lalata ƙwaƙwalwar yaro. Iyayen can, ma'auni suke tsoro. A nan ƙasar, inda gidaje kaɗan ne ke da ma'aunin, bayan hannu ne alƙali, kuma bayan hannun uwa ba kasafai yake kuskuren gane zazzaɓi ba, sai dai yakan ƙirga har da wanda babu, musamman a zafin watan Afrilu ko bayan an sauke yaro daga goyo. Amma tunanin iri ɗaya ne: zafi shi ne ciwon. Gaskiyar kuwa, tsananin zafi ba ya nuna tsananin ciwo, kuma saukarsa bayan an sha magani ba shaidar sauƙi ba ce. Farasitamol yana sauke zafin yaro mai mura, yana kuma sauke na yaro mai sanƙarau, na 'yan sa'o'i.

Abin da gida zai iya

Aiki na farko sha ne. Yaro mai zazzaɓi yana asarar ruwa ta fata da numfashi, kuma yakan ƙi abinci. Jaririn da bai kai wata shida ba nono ne ruwansa, a ƙara masa yawan kamu, ba a ɗura masa ruwa ko jiƙo. Wanda ya haura haka a bi shi da ruwa, kunu, koko, romo, kaɗan-kaɗan amma a kai a kai. Idan da gudawa ko amai, ruwan gishiri da sukari na cikin ƙunshi shi ne kan gaba. Fitsari ne ke ba da labari: yaron da ya wuni bai jiƙa wando ba, ko jaririn da maɗigarsa ta faɗa, ruwan jikinsa ya yi ƙasa.

A rage masa kaya, a bar iska ta shiga ɗaki. Lulluɓe shi da bargo don ya yi gumi ciwo ya fita, ƙara masa wahala ne. Haka nan kwara masa ruwan randa, domin sanyin yana sa jijiyoyin fata su tsuke, yaro ya kama karkarwa, zafin ciki ya ƙaru. Goga jiki da tsumma mai ruwan ɗumi-ɗumi ba ya warkar da komai, amma a ɗakin kwano cikin bazara yana iya sa yaro ya ji daɗi. In ya tsandara kuka, a bari.

Farasitamol kuwa da nauyi ake ba da shi, ba da shekaru ba: miligiram 10 zuwa 15 a kan kowane kilo, a bar aƙalla sa'a huɗu zuwa shida tsakani, kada a wuce sau huɗu a kwana ɗaya. Yaro mai kilo 10 ke nan yana buƙatar miligiram 100 zuwa 150. Kwalbar ruwan da aka fi sayarwa tana da miligiram 120 ko 125 a cikin mililita 5, wato cikin murfin awo har layin biyar ya wadatar. Ƙwayar manya 500 ce, don haka rabinta ya yi wa wannan yaro yawa. A nan ake yin ɓarna cikin kyakkyawar niyya. Cokulan gida ba girmansu ɗaya ba. Maganin ɗigo na jarirai ya fi na kwalba ƙarfi nesa ba kusa ba. Kuma maganin mura da na haƙori sau da yawa suna ɗauke da nasu farasitamol ɗin a ciki, sai yaro ya sha abu ɗaya sau biyu da suna daban-daban, hanta ce ke biyan bashin. Asfirin ba na yara ba ne sam, saboda alaƙarsa da wata cuta mai kumbura ƙwaƙwalwa da lalata hanta da likita Douglas Reye ya bayyana a Ostireliya a 1963. Ibuprofen yana aiki, amma ba a ba jariri ɗan ƙasa da wata uku, ba a kuma ba yaron da ruwan jikinsa ya ƙare, don yana taɓa ƙoda.

"Haƙori ne"

Da wuya a sami kalmar da ta jinkirta zuwa asibiti a ƙasar Hausa kamar wannan. Haƙoran farko suna fitowa daga wajen wata shida zuwa shekara biyu da rabi ko uku. A daidai wannan tsakani ne garkuwar da jariri ya gada daga uwa ke ƙarewa, ya fara rarrafe, ya fara kai duk abin da ya tsinta baki. Ciwo da haƙori sukan zo tare, sai aka ɗaura musu aure. Binciken da aka yi ta auna jarirai kullum a lokacin tsirar haƙora ya nuna ɗumin jiki yakan ɗan motsa, dasashi ya yi ƙaiƙayi, miyau ya yi ta zuba, amma ba ya kai zazzaɓi na gaske. Yaron da ya kai digiri 38 yana haƙori, yaro ne mai haƙori da kuma wani ciwo.

Wannan imani ya buɗe kasuwa, kasuwar kuma ta taɓa cin rai. Daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009, yara aƙalla 84 suka rasu a Najeriya bayan shan maganin haƙori mai suna My Pikin, wanda aka gano an haɗa shi da wani sinadarin masana'antu mai kashe ƙoda. Zariya na cikin wuraren da aka fara ganin yaran da fitsarinsu ya ɗauke. Tun a 1990 irin wannan guba a cikin ruwan farasitamol ta kashe yara 47 a asibitin koyarwa na Jos, a 2022 kuma, a cikin maganin tari da mura na ruwa, ta kashe kimanin 70 a Gambiya. Darasin ba wai a guji maganin ruwa ba ne. A duba lambar rajistar NAFDAC da ranar lalacewa, a guji wanda aka ɗura a kwalba marar takarda da wanda ya wuni a faranti yana shan rana a tasha.

Akwai kuma belu. Inda aka ɗora alhakin zazzaɓi da amai a kansa, ana kiran wanzami ya cire. Yaron da maleriya ta riga ta shanye wa jini ba shi da wanda zai zubar, ga kuma haɗarin ƙarfen da ba a dafa ba.

A bakin kemis

Ga abin da duk mazaunin unguwa ya saba gani bayan magariba. Yaro ɗan shekara tara ya iso da kuɗi a dunƙule cikin hannu: "Wai in ji Umma a ba da maganin zazzaɓi na yara." Mai kemis ya tambaya: "Shekararsa nawa?" Amsa: "Ya fara tafiya." Da wannan bayani kaɗai za a yanke ƙwaya biyu daga nan, uku daga can, a ƙulla a leda daidai kuɗin da aka kawo. Ba a ga majiyyacin ba, ba a san nauyinsa ba, ba a ɗigi jininsa ba. Mai wannan takarda ba ya cikin masu ɗora wa ɗan kemis laifi duka. Shi ne a buɗe da dare, shi ne ke ba da bashi, shi ne ba a bin layi a wurinsa. Duk tsarin da ya yi kamar babu shi, ya yi kamar babu wurin da galibin yara ke fara samun magani.

Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada jini kafin a ba da maganin maleriya. Gwajin gaggawa ɗigon jini ɗaya yake so daga yatsa, kuma cikin minti 15 zuwa 20 ya fito. Dalilin nacewa a kansa ya bayyana a wani bincike da aka wallafa a 2014, inda aka bi diddigin yara 1,005 masu zazzaɓi a Darussalam da Ifakara ta Tanzaniya: kusan kashi 62 cikin 100 ciwon hanyar numfashi ne, maleriya kuwa kimanin ɗaya cikin goma. Kebbi a watan Satumba ba Darussalam ba ce, amma Kano a watan Maris ta fi kusa da wancan hoto fiye da yadda ake zato. Idan gwaji ya ce babu maleriya, aiki bai ƙare ba, yanzu ma ya fara: a duba kunne, maƙogwaro, ƙirji, fitsari da fata. Ƙyanda da zazzaɓi take farawa kafin ƙuraje su feso. Haka ma mashaƙo, wanda ya ɓarke daga ƙarshen 2022 kuma Kano ta fi kowace jiha jin jiki.

Sai kuma tagwayen da ba sa rabuwa a bakin mutane, maleriya da taifot. Gwajin Widal da ake dogaro da shi tun 1896 aka ƙirƙiro shi, kuma a wuraren da jama'a suka saba cuɗanya da ƙwayoyin dangin taifot yakan nuna akwai a jikin mai lafiya ƙalau. Sakamakon haka yara na shan maganin kashe ƙwayoyin cuta da ba sa buƙata.

Idan gwaji ya tabbatar da maleriya, kulorokwin ya daina aiki, shi ya sa Najeriya ta sauya zuwa haɗin da ake kira ACT a 2005. Wanda aka fi bayarwa sau shida ake sha cikin kwana uku, na biyu bayan sa'a takwas da na farko, tare da nono ko abinci mai maiƙo don jiki ya karɓe shi. Kuskuren da ya fi yawa shi ne tsayawa a rana ta biyu: yaro ya tashi yana wasa, sai a adana ragowar don ƙaninsa. Ragowar ƙwayar cutar kuma ta farfaɗo bayan mako biyu, a ce maganin jabu ne.

Lokacin da ba a jira safiya

A tsakiyar shekarun 1990 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fito da tsarin duba yaro gaba ɗayansa maimakon bin cuta ɗaya-ɗaya, kuma ƙashin bayan tsarin alamomi ne da ba sa buƙatar na'ura. Yaron da ya kasa kama nono ko shan ruwa, wanda ke amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, wanda ya yi jijjiga, wanda ya yi laushi har ba a iya tashinsa sosai, wannan na asibiti ne a cikin daren. Haka wanda wuyansa ya sanƙare, wanda tafin hannunsa ya yi fari fat, wanda idonsa ya yi rawaya ko fitsarinsa ya yi baƙi. Arewa ta san sanƙarau: annobar 1996 ta kama mutum fiye da 100,000, ta kashe sama da 11,000.

Numfashi ana iya ƙirga shi da agogon waya. A ɗage rigar yaro lokacin da yake kwance shiru, a kalli cikinsa minti ɗaya cur. Daga wata biyu zuwa shekara ɗaya, 50 ko fiye ya yi sauri. Daga shekara ɗaya zuwa biyar, 40. Idan ƙasan haƙarƙari yana lotsawa ciki duk sa'ar da ya ja iska, huhu ne, kuma maganin maleriya ba zai taɓa shi ba.

Yara iri uku ba a yi musu jiran alama. Jaririn da bai kai wata uku ba, kowane zazzaɓi a wurinsa na gaggawa ne, haka kuma sanyin jiki da ya wuce kima. Mai sikila, domin saifarsa ba ta kare shi daga ƙwayoyin cuta. Da mai tamowa, wanda jikinsa ba shi da ƙarfin da zai ɗaga zafi ko da cutar ta ci ƙarfinsa.

Jijjiga ce ta fi firgita gida. Tsakanin wata shida da shekara biyar, yara biyu zuwa biyar cikin ɗari sukan yi taune-taune saboda zazzaɓi kawai, ya wuce cikin 'yan mintoci ba tare da ya bar illa ba, kuma farasitamol ba ya hana shi. Abin da ke barin tabo shi ne taimakon da ake kawowa a ruɗe: cokali a baki, ɗura ruwa ko man ja, kara ƙafa a wuta, turnuƙe ɗaki da hayaƙi. Yaro ba ya haɗiye harshensa, amma yana shaƙar abin da aka ɗura masa zuwa huhu. A kwantar da shi ta gefe, a kawar da abin da zai buge, a duba agogo, a nemi abin hawa. A ƙasar da maleriya ke hawa ƙwaƙwalwa, ba a gida ake tantance wace irin jijjiga ce ba. Tofi da addu'a ba sa hana tafiya, a kan hanya ma ana yi. Asibiti kuma yana da abin yi: gwajin da aka yi a kan yara 5,425 a ƙasashen Afirka tara, har da Ilori, wanda aka wallafa a 2010, ya nuna allurar artesunate ta rage mace-mace da kashi 22.5 cikin 100 idan aka gwada ta da kwinin. Ga ƙauyen da ke nesa, akwai irinsa na matsawa ta dubura ga yara 'yan ƙasa da shekara shida, wanda ke riƙe yaro kafin a isa, da sharaɗin a isa ɗin.

Wa ke cewa a tafi?

"Baban Ummi, yarinyar nan fa tun azahar ba ta kama nono ba." "An ba ta magani?" "An ba ta, jikin ya ɗan yi sanyi." "To, a bari zuwa safe mu gani." Daga tsakar gida kuma murya ta taso: "Haƙori ne, duk haka kuka yi." Matar ta ce, "To, Inna."

Babu mugu a cikin mutanen nan uku. Maigida yana lissafin kuɗin ɗan acaɓa, da kati, da gwaji, a watan da rumbu ya yi ƙasa kuma sabon hatsi bai shigo ba. Kaka tana magana da abin da ta gani a rayuwa. Uwar ce kaɗai ta faɗi alamar haɗari da bakinta, amma ba ta fita sai da izini, ba ta musu da suruka, kuma idan ɗan fari ne, kunya ma ta hana ta nuna damuwa a fili. Laccar da ake yi wa mata ranar awo da ranar riga-kafi tana cika kan wadda ta riga ta sani. Nijar ta ɗauke kuɗin jinyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar tun 2006, kuma hakan ya ƙara yawan masu zuwa, duk da jinkirin biyan asibitoci da yankewar magani. Amma kyauta a asibiti ba ta biyan kuɗin mota, ba ta kuma ba da izinin fita.

Shawarar wannan takarda ita ce a kai alamomin haɗari majalisar maza, da masallaci, da teburin mai shayi, a kuma nemi abu ɗaya tak daga magidanta: izini na dindindin, da ɗan kuɗi a ajiye a ɗaki, cewa duk ranar da aka ga ɗaya daga cikin alamomin nan a tafi ko ba ya gida. Masu kemis kuma a koya musu gwajin gaggawa da ƙirga numfashi, a sa su riƙa cewa a kawo yaron.

Hanyar isar da saƙon ma tana nan. Tun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da riga-kafin maleriya na damina a 2012, aka fara shi a Katsina da wasu gundumomin kudancin Nijar a 2013, ma'aikata ke bin gida-gida wata-wata, galibi daga Yuli zuwa Oktoba, suna ba yara 'yan wata uku zuwa wata 59 magani, su bar wa uwa na kwana biyu, su yi alama da alli a jikin bango. Kaɗan ne cikin ma'aikatan lafiya ke shiga zaure sau huɗu a damina kamar su. A Disambar 2024 kuma aka fara allurar riga-kafin maleriya ta R21 a Kebbi da Bayelsa. Idan waɗannan matakai suka yi aikin da ake fata, yaran da ke zazzaɓi saboda sauro za su ragu, kason masu zazzaɓi saboda huhu, kunne, fitsari da maƙogwaro kuma zai ƙaru a cikin waɗanda ake kawowa. Ɗakunan shan magani da kemis-kemis da har yanzu ke miƙa ACT ga duk jikin da ya yi zafi za su riƙa kuskure fiye da yadda suke yi a yau, kuma horon ma'aikatansu da kayan gwajinsu ya kamata su shiga kasafin kuɗi ɗaya da na riga-kafin.